Sawun Lawali da Na Share

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da muka sa Lawali a ƙasa a nan Riyad. Ba mu da yawa a bakin kabarin. 'Yan Maraɗi ne da 'yan Damagaram da suka samu kafilansu, wato iyayen gidan aikinsu, suka bar su fita, sai wani Basudane, kukunmu, da ya yi ta sharɓar kuka har ya fi mu 'yan uwan. Ni ko ɗigo ban yi ba. Dattawa suka ce kai, yaron nan akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, tsoro ne, don duk cikin taron nan ni kaɗai na san dalilin da ya sa mutumin nan ya kwana biyu a cikin yashi ba wanda ya je inda yake. Mahaifiyarsa kuwa, Gwaggo Abu, yayar babana, tana can ƙauyenmu bayan Tasawa, ta yi shekara bakwai tana riƙe da wani labari daban, wanda ni na ƙera na miƙa mata ta waya. Duk shekara in watan nan ya kama, tambayar ɗaya ce: in faɗa mata, ko in bar tsohuwa ta tafi da abin da na ba ta.

Lawali taubashina ne. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, don haka tun ina yawo ba wando nake kiransa bawa, duk da ya ba ni shekara goma sha biyar, kuma da hannu ɗaya yake ɗaga ni sama. Bai taɓa ɓata rai ba. Sai dai ya ce to ranka ya daɗe, a goge majina tukuna sannan a ba da umarni. Shi ya laƙaba mini Mai-baki, sunan ya biyo ni har Saudiyya. Akwai waɗanda muke kwana ɗaki ɗaya da su a unguwar Shumaisi da har yau ba su san sunana Sabi'u ba.

Babansa maharbi ne, irin na da. Kafin Lawali ya yi gemu naman dawa ya ƙare a wajenmu, ko zomo sai an yi sa'a, amma ya gaji idon uban. Sai ya kalli ƙasa ya ce akuya ta wuce nan da hantsi, tana ɗingisa ƙafar baya, kuma da ciki. Ka bi ka same ta haka. A gida wannan ba ya kawo tuwo, sai ya zo nan ya kama tuƙi. Wata rana ya kai wani Balarabe bayan gari, suna shan shayi ya nuna masa inda yanyawa ta shiga rami, mutumin ya tsugunna ya jira har ta leƙo. Ashe yana da kamfani mai kai masu ɗaukar hoto daji. Kafin wata ya ƙare an mai da iƙamar Lawali, takardarsa ta zaman ƙasar, hannunsa. Shi muke ce wa mudir, wato mai gidan aikin.

Ni kuma a lokacin ina tasha a Maraɗi ina kamasho. Aji huɗu na ajiye boko, allo ma sai a hankali, amma baki kam Allah ya ba ni. Gwaggo ce ta matsa wa Lawali, ta ce ya ɗauke ɗan ƙanenta daga tasha tun kafin bakin nan ya kai shi gidan kaso. Shi ya taro ni a filin jirgin Sarki Khalid. Ina ta hange-hange, ina jiran ya ce ga motar da zan riƙa ja. Da muka isa ya buɗe bayan mota ya ciro reshen dabino ɗaure a jikin doguwar sanda, da wani faffaɗan kwali, ya ce ga kayan aikinka. Na ce bawa, a gida kai ne mai yi mini shara. Ya ce ai shi ya sa aka hau da kai jirgi, nan ba gida ba ne.

Bari in yi bayani don wanda bai san sana'ar ba. Mutanen da muke ɗauka, Turawa ne, Larabawa ne, har da 'yan Japan, kowa da kyamara mai baki kamar taɓarya. An kawo su ne su ɗauki barewa, mariri, tsuntsaye, da tuddan yashi lokacin fitowar rana. Abin da suka tsana a duniya shi ne alamar mutum. Sawun ƙafa, sawun taya, murfin gora, ko ɗaya ba sa so. Suna son wurin ya fito kamar ba a taɓa haihuwar kowa ba, alhali su ne suka tattake shi jiya da yamma suna neman inda za su kafa ƙafar kyamara. To ni ne mai mai da shi sabo. Kafin rana ta fito zan hau tudu in riƙa saukowa da baya-baya, ina jan reshen dabino a kan sawu, nawa da na kowa. Sannan in bi da kwali ina yi wa yashin fifita har layi-layin nan da iska take yi masa su dawo. Lawali ne ya ƙirƙiro dabarar kwalin. In na yi da kyau, ko shi sai ya ƙura ido kafin ya gane an taka wurin. Na yi alfahari da wannan ba kaɗan ba.

Ba sahara kaɗai muke zuwa ba. Akwai tafkunan Ha'ir a kudu da gari, inda ruwan da birni ya gama da shi yake taruwa, ciyawa ta fi mutum tsawo. Can aikina tsamo leda ne. In shiga ruwa har ƙugu in kwashe, in fito in ɓuya, sannan zalɓe ya sauka a ɗauke shi kamar a aljanna yake. Lawali in ya ga balbela sai ya gaishe ta, ya ce mutanen gida ne. Ni kuma in tambaye ta ko tana da iƙama. Muna zuwa bakin teku ma a gabas, wajen tsuntsayen nan masu ruwan hoda da ƙafa kamar sillen kara, baƙi su kwanta rub da ciki a taɓo awa uku ba motsi. A nan ne kawai na ga Lawali da tsoro. Ruwa bai taɓa wuce masa idon sawu ba. Ya ce shi abin da ba ya riƙe sawu bai yarda da shi ba. Na yi wata guda ina tsokanarsa, in lallaɓo ta baya in watsa masa ruwan gishiri, ya bi ni da takalmi.

Ya yi ƙoƙarin koya mini ido, Allah ya sani. Ya tsugunnar da ni ya nuna mini bambancin barewa da ɗan akuya, sawun jiya da na yau. Har nasa ya nuna mini, ya ce duba, ƙafata ta hagu tana buɗewa waje. Ni kuwa hankalina yana kan irin ƙaryar da zan zuba wa baƙi da rana. Don na riga na gaya musu, da guntun Larabcina da guntun Turancina, cewa ni ma ɗan maharbi ne, kakana da hannu yake kama zaki. Sai in tsugunna yadda na ga Lawali yana yi, in ɗebi yashi in shinshina, in nuna wani gefe da yatsa, fuska a murtuke. Su yi ta dariya suna ɗaukata hoto, wasu kuma su yarda. Mudir ma ya fara yarda. Sau ɗaya Lawali ya ja ni bayan mota ya ce, "Mai-baki, wannan wasan na tasha ne. Nan akwai ranar da wani zai bi yatsan nan naka." Na ce bawa hassada yake yi don baƙi sun fi sona.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Kwanaki wani ɗalibi Bakano da muke shan shayi tare ya nuna mini abu a wayarsa. Hoton yashi ne da sawun mutum a kai. Ya goga yatsa, sawun ya ɓace, layi-layin ya cike wurin. Ko minti ɗaya bai yi ba. Na ce sake, ya sake. Shi ya zata burge ni abin ya yi. Aikin da nake tashi cikin sanyi in yi har bayana ya ƙage, aikin da ya ci mutum, yanzu ana yinsa a zaune ana tauna biskit. Na ji an ce masu kai baƙin yanzu ƙaramin jirgi suke tayarwa mai kyamara ya leƙo musu inda mariri yake, kuma duk wanda zai bar zango sai an rataya masa wata na'ura mai nuna inda ya taka. Na san abin da Lawali zai ce. Zai ce jirgin ba zai gaya maka ko dabbar ta sha ruwa ba, ko tsoro ne ya koro ta. Kuma gaskiyarsa ce. Amma da an rataya masa na'urar nan ranar, da yanzu yana nan yana zaginta.

Ranar kuwa a gefen Rubu'ul Hali muke, tafiyar yini daga Riyad, inda yashi ya haɗu da duwatsu. Kwana uku baƙi biyar ba su ga mariri ba, fuskoki sun fara canzawa. Bayan sallar asuba Lawali ya ɗauki gorar ruwa ɗaya zai zaga a ƙafa ya duba sawu, kamar yadda ya saba, don ƙarar mota korar dabbobin take. Ni na koma cikin bargo. Ya zo ya tsaya a kaina ya yi magana. Na san ya faɗi inda za shi, don bai taɓa barin zango bai faɗa wa wani ba. Na ji muryarsa, ban riƙe kalma ko ɗaya ba. Na ce to, to, bawa, a dawo da mariri a kafaɗa. Ya ɗan shuri ƙafata ya tafi. Abin da ya shiga tsakanina da shi na ƙarshe ke nan.

Da gari ya fara haske na tashi na ɗauki reshena. Tuddai uku ne suka kewaye zangon, kuma baƙi suna son dukansu. Bayan tuddan fako ne da tsakuwa, inda sawu ba ya zama sai ga mai ido irin nasa. Na share tuddan nan tas, ta kowane gefe. Sawun Turawa, na kuku, na mudir, duk na bi. A cikinsu akwai sabo fil na mutum mai buɗe ƙafar hagu. Na bi ta kansa da baya-baya ina waƙa, ban gan shi ba. Ranar har yabona aka yi.

Ƙarfe goma bai dawo ba. Azahar bai dawo ba. Waya ba ta kamawa a wurin. Mudir ya tara mu, ya dube ni a gaban baƙi, ya ce kai ne ɗan uwansa, kai ne mai karanta ƙasa, ina ya bi? Duk ido ya dawo kaina. Abin da ya kamata in ce gajere ne: ya faɗa mini ina barci, sawunsa kuma na share. Sai na ji kunyar Turawan nan da suka yi kwana uku suna kirana ɗan maharbi. Kuma a raina na ce ai Lawali ne, yashi ba ya cin irinsa, anjima zai ɓullo yana yi mana dariya. Na taka bayan tudu, na tsugunna, na taɓa ƙasa. Na nuna gabas. Mudir ya ce yalla, kowa ya shiga mota.

Muka yi gabas da mota biyu muna danna hon har magariba. Tun da la'asar iska ta taso, ta ƙarasa abin da na bari. Mudir ya kira ta wayar tauraron ɗan Adam, washegari da hantsi 'yan sa kai masu neman waɗanda suka ɓata a sahara suka iso da motocinsu. Suka sake tambayata. Wannan ita ce damata ta biyu, kuma ita ta fi ci mini rai, don a lokacin na riga na daina tunanin zai ɓullo. Amma in na canza magana, kowa zai san na ɓata musu yini guda. Na sake cewa gabas. A cikinsu akwai wani tsohon Balaraben ƙauye, makiyayin raƙuma, siriri kamar bulala. Ya zaga tuddan nan uku a hankali, ya dawo ya tambaya wa ya share nan. Aka nuna ni. Ya kalle ni, ya kalli reshen dabinon da ke jingine da tanti. Ya bi su gabas yinin nan. Da suka dawo ya gaya wa shugabansu gobe shi yamma zai yi, wanda zai bi shi ya bi shi.

Ran na uku da hantsi tsohon ya same shi. Yamma da zango, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba. Gaɓar dutse ce ta rufta da shi, ƙafar dama ta karye a ƙauri. Ya ja jiki ya shiga inuwar dutsen, ya cire rigarsa ya ɗaura a sanda ya kafa. Gorar tana gefensa, murfinta a rufe, ba ko ɗigo. Likita ya ce bai daɗe da cikawa ba, ƙila cikin daren, ƙila da asuba. Har yau abin da ba na so in tuna shi ne hon ɗin nan. Iskar daga gabas take kaɗowa. Ya ji mu. Ya ji motar da shi yake tuƙawa tana kiransa tana ƙara nisa.

Ba wanda ya tuhume ni. Kowa ya ɗauka kuskure ne irin na mai neman sawu, mudir har dafa kafaɗata ya yi. Da muka dawo Shumaisi dattawanmu suka zauna a kan abin da za a gaya wa gida. Al'adarmu ce a nan, ba a aika wa tsohuwa mutuwa yadda ta zo. Wanda mota ta niƙe a ce zazzaɓi ne, wanda ya faɗo daga bene a ce hawan jini. Suka ce a ce zuciya ce. Ni ne jininsa, ni aka miƙa wa waya. Ni kuma da baki, ban tsaya inda suka tsaya ba. Na ce Gwaggo muna zaune muna shan shayi bayan sallah, ya ce kansa yana juyawa, ya kwanta a cinyata, ya yi kalmar shahada sau uku, shi ke nan. Na ce ko minti biyar bai yi ba. Ta ce alhamdu lillahi, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe mini shi.

Ban sake komawa daji ba. Na bar kamfanin, na samu aka mai da ni kasuwar Aziziya, ina dakon albasa da tumatir har yau. Barkwanci ban daina ba, shi ne abincina, 'yan kasuwa suna cewa in ba Mai-baki rumfa ba ta daɗi. Gida kuwa sau ɗaya na je, na yi kwana tara na gudo, don Gwaggo tana zaunar da ni a gaban baƙi ta ce ga wanda Lawali ya cika a cinyarsa. Matarsa ta gama takaba ta yi aure, 'ya'yansa biyu suna wajen Gwaggo. Duk shekara in watan ya zagayo sai ta sa Rabi, ƙanwar Lawali, ta kira ni, ta ce in sake ba ta labarin. Ina sakewa. Har gyara shi nake yi, a shekara ta uku na ƙara masa murmushi.

Bana Rabi ta kira ni ita kaɗai. Ta ce ƙafafun Gwaggo sun kumbura, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Ta ce amma ba ta tsoro ko kaɗan, addu'arta ɗaya ce bayan kowace sallah, da ƙarfi, kowa yana ji: Allah ka ba ni irin cikawar Lawali. Rabi ta faɗa mini ne don in ji daɗi. Ina tsaye da buhun albasa a kafaɗa, sai da na sauke shi na zauna a kai. Tsohuwa tana ɗaga hannu sau biyar a yini tana roƙon kwana biyu a ƙarƙashin dutse da karyayyar ƙafa, kuma ni na sa mata roƙon a baki. Na je wajen wani dattijonmu na kwance masa komai, karo na farko. Ya daɗe yana jan carbi, ya ce Allah ya san abin da take nufi, in bar ta ta tafi cikin sanyi. Ɗalibin nan Bakano, da na faɗa masa, ya ce shi ba zai ba ni fatawa ba, amma haƙƙin uwa ne ta san yadda ɗanta ya tafi. Kowannensu na ga gaskiyarsa. Na yi sati biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na zaga bayan rumfa, na kife kwandon tumatir na zauna, na kira. Rabi ta kara mata wayar a kunne. Ta fara da wasa kamar kullum, ta ce ubangidan Lawali ne, yaushe za a kawo mata amarya. Na ce Gwaggo, labarin da nake ba ki ba haka yake ba. Na faɗa mata tun daga bargo har gabas ta farko, har gabas ta biyu. Ban sa ado ba, abin da ban saba ba. Ba ta katse ni ba. Ina jin kaji a tsakar gidan, ina jin numfashinta.

Da na gama ta ce, "Kwana nawa?"

"Biyu, Gwaggo. Ran na uku aka same shi."

"Da ruwa a hannunsa?"

"Gora ɗaya ya fita da ita."

"Shahadar fa, Sabi'u? Ita ma kai ka yi masa?"

Na ce ba na wurin, ba kowa a wurin. Amma akwai abin da tsohon makiyayin ya nuna mana, wanda ban taɓa faɗa mata ba don ba shi da gurbi a cikin ƙaryata. A ƙarƙashin dutsen, inda iska ba ta kai ba, akwai shatin tafin hannu bibbiyu a jere a kan yashi, inda ya riƙa yin taimama. Tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce mutuminku bai bar sallah ba sai da hannun ya daina ɗaguwa. Na ce wannan da idona na gani, in ta ga dama ta yarda, in ta ƙi ba ta yi laifi ba.

Na duba wayar ko ta yanke. Sannan ta yi magana, ba da faɗa ba, da muryar nan da take aike da ita.

"Shekara bakwai duk Juma'a ina toya masa waina sadaka. Da ka faɗa mini, ai da ruwa na riƙa bayarwa."

Ta ce Rabi karɓi wayarki.

Ban roƙi gafara ba, ban ga fuskar roƙa ba, ita ma ba ta ambata ba. Sati uku ke nan. Rabi ta ce washegari Gwaggo ta sa an sayo randa biyu an kafa a ƙofar gida ƙarƙashin itacen bedi, 'ya'yan Lawali suke cika su safe da yamma, ita kuma a ɗauko ta a ajiye a zaure tana kallon masu wucewa suna sha. Addu'ar nan ta daina yinta da ƙarfi, abin da take roƙo yanzu ba wanda ya sani. In na kira, Rabi takan ce tana jinka, amma ba ta miƙo hannu ba.

Hotunan da Lawali ya kai mutane suka ɗauka suna can rataye a otal-otal da ofisoshi a ƙasashen da ban san sunansu ba, ba sunansa a ko ɗaya. Idon da ya gada ya tafi da shi, don wanda ya so ya bar wa bai karɓa ba. Abin da ya rage nasa da za a iya taɓawa shi ne 'ya'ya biyu da randa biyu, da matafiyin da zai tsaya ya sha bai san don wa aka ajiye ba. Allah ya jiƙan Lawali, ya shayar da shi. Ni kuwa tawa gafarar tana hannun Gwaggo, kuma har yanzu ba ta ce komai ba.